Mun Kai wa Mai Sarewa Kiɗansa

Mun tashi da asuba ranar Alhamis daga Gumel, ni da abokina mai tsohuwar motar nan da ba ta tashi sai an roƙe ta da girman iyayenta. Ko addu'ar bayan salla a tsaye na shafa, hula a karkace, takalmi ɗaya nawa ɗaya na wani bawan Allah da har yau nake neman gafararsa. Kayan tafiyata duka biyu ne: wayata, da wata 'yar sifika mai caji da na aro a wurin maƙwabci.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, bari in warware. Ina da 'yar ƙanwata da ta tafi Turai karatun kiɗa. E, kiɗa. Ranar da ta faɗa mana, dangi sun yi zaman da sai da aka dafa abinci sau uku. To yanzu ta zama mai tsara kiɗa irin na taron makaɗan nan na Turawa, inda mutum saba'in za su zauna cikin baƙaƙen kwat, kowa da takarda a gabansa, wani kuma ya tsaya da tsinke yana kaɗa hannu kamar mai korar ƙudaje daga kan nama. Ta shirya faifai mai kiɗa biyu. Na farko sunansa simfoni, wato duk taron ke magana a tare. Na biyu kwanceto, inda abin kiɗa ɗaya ke fitowa gaba yana faɗa, sauran suna amsa masa. A nata kwanceton sarewa ce a gaba, kuma busar ba tata ba ce. Ta wani dattijon Bafulatani ce da ni da kaina na kai ta rugarsa kusa da Gagarawa shekara bakwai da suka wuce, ta ɗauki busarsa a na'ura.

Masu buga faifan sun ba ta zuwa Litinin ta miƙa aiki. Ita kuma ta rantse ba za ta saki kwanceton ba sai dattijon ya ji da kunnensa ya ce ya yarda. In bai yarda ba, ko ba a same shi ba, za ta cire shi, aikin shekara uku ya bi ruwa. Ga shi an yi shuka, lokacin da makiyaya ke tashi su yi arewa inda ba a samun sabis. Ta aiko min da saƙon murya tana cewa, "Kawu, kai kaɗai ka san fuskarsa." Ni kuwa da aka ce min kai kaɗai, ai shi ke nan, an gama da ni.

Hanyar Gagarawa da safe tana da daɗin kallo. Gero ya fito kamar gashin jariri, manoma sun duƙa tun rana ba ta fito ba, amalanken shanu suna bin gefen kwalta ba sa sauri ba sa tsayawa. Na ce wa abokina bari mu ɗanɗana kayan da muke ɗauke da su, na kunna simfonin. Ya fara da wani gurnani can ƙasa, na manyan gogen nan da sai an jingina su a ƙasa mutum ya rungume su. Kafin in ce wani abu, abokina ya taka birki ya sauka gefen hanya, ya fita ya buɗe gaban mota yana leƙe. Sai da na kashe sifika ya yarda ba injinsa ba ne. Da muka ci gaba, kiɗan ya tashi: goge arba'in suna gudu kamar an sako musu kare, kakaki na tsoma baki, tambura na faɗuwa kamar ana sauke buhunan riɗi daga tirela. Sai kuma shiru, har ka gyara zama ka ce alhamdu lillahi, sai su sake fasa maka kai. Na lura duk lokacin da suka yi sauri, ƙafar abokina na nutsewa a kan totur. Motar da ba ta taɓa wuce keke ba, ran nan ta wuce babura biyu da jaki.

A Gagarawa Tasha muka karya kumallo wurin mai shayi, kusa da tsohon layin dogo da awaki suka mai da wurin hira. Burodin da a da mutum biyu ke rabawa su ƙoshi, yanzu in ka yi atishawa sai ka neme shi a ƙasa, kuɗin kuma ya yi tsalle. Ban ma zauna ba, a tsaye na kurɓe shayin ya ƙone min harshe. Muka bi hanyar da na tuna, muka isa inda rugar take. Babu ruga. Gona ce shimfiɗe, sai tsamiyar da muka zauna ƙarƙashinta wancan karon tana kallona kamar ta gane ni. Wata mai tallar nono da muka tsayar ta ce ai sun tashi daga nan damina biyu ke nan, ba ta san inda suka sauka ba, amma babban ɗansa ba ya fashin kasuwar Maigatari, yau kuwa Alhamis.

Muka juyo. Wanda ya san yankinmu ya san daga Gagarawa zuwa Maigatari sai ka ratsa Gumel. Na wuce ta bakin layinmu ina ɗaga wa mai kantin unguwa hannu kamar gwamna, ya bi mu da kallo baki buɗe, don ya ga fitarmu da asuba muna cewa sai yamma.

Maigatari ranar kasuwa ba gari ba ce, guguwa ce. Tun daga nesa manyan motoci sun yi layi, waɗanda mutanen tsallake ke kira kamiyo, an yi musu lodi har sun fi gidan sama tsawo. Babura na shiga tsakanin ƙafafun mutane, masu canji na kiran sefa, raƙuma na kallon kowa daga sama da raini kamar sun san asirinmu. Mun sayi cuku a hannun wata Buzuwa, mai tauri da sai da na tuna da haƙorin da aka cire min bara, muka haɗa da balangu mai zafi. Mai balangun ya yanka mana abin da ya kira rabin kilo, ni dai na ga rabin tausayi. Duk wannan ina ci ina duban agogo.

Sai muka shiga kara, inda ake cinikin shanu. Jama'a, ku ce min yadda ake neman Bafulatani dogo mai sanda da malafa a karar Maigatari. Ko ina ka juya dogo ne mai sanda da malafa. Na tambayi dillalai goma, kowanne ya ce ya san shi, kowanne kuma ya yi ƙoƙarin sayar min da sa. Rana ta take, zufa ta jiƙa min riga har aljihu. Can dabara ta zo min. Na hau kan wani turmin da aka kife, na ɗaga sifika sama, na kunna farkon kwanceton inda sarewa ke busa ita kaɗai. Nan da nan mutane suka taru. Wani tsoho ya matso ya ce in ba shi na ciwon baya ƙulli biyu. Ina cikin rantse masa ba magani nake sayarwa ba, sai na ji an riƙe min hannun riga.

"Malam, wa ya ba ka busar gidanmu?"

Wani magidanci ne, dogo mai sanda da malafa, amma wannan karon na gaske. Na sauko na yi masa bayani. Ya ce in sake kunnawa, ya kara kunne, ya ɗan saurara, sai ya dube ni ya ce, "Da safe kuka ɗauka ko?" Na ce ƙwarai, ya aka yi ya sani? Ya yi wani murmushi da bai yi min daɗi ba, ya ce Baffa zai faɗa min da bakinsa. Ya kwatanta mana wurin: bayan Sule Tankarkar, a saki kwalta a wajen wata kuka mai rassa biyu, a bi sawun shanu. Ya ƙara da cewa mu yi sauri, gobe da sassafe za su tashi, an riga an ɗaure kaya.

Daga Maigatari zuwa Sule Tankarkar kuma, sai ka sake ratsa Gumel. Wannan karon mai kantin unguwarmu fitowa ya yi tsakiyar titi yana ɗaga murya, "Alhaji, gidan ne ya ɓace maka? Ga shi nan hagu!" Murmushin ɗan Fulanin nan ya tsaya min a rai, ga hadari ya fara haɗowa daga gabas, baƙi ƙirin. In ruwan nan ya sauka kafin mu shiga, hanyar yashi ta zama kogi, motarmu kuwa ko raɓa tana sa ta mura.

Mun yi azahar da la'asar a Sule Tankarkar, gari mai natsuwa da ya ga mutum biyu suna alwala kamar ana bin su. Mun sami kukar, muka saki kwalta. Ba mu yi nisa ba yashi ya kama tayoyi. Abokina na ciki yana ba da wuta, ni ina baya ina turi, da tumbina da babbar rigata, yashi na watso min a fuska. Sau uku muna haka. Na yi alkawari ga Allah iri-iri a wannan hanya, wasu ma ba zan iya cika su ba ko na shekara ɗari.

Rana ta yi sanyi muka hango rugar. An kwance wasu bukkoki, ƙore a ɗaure cikin raga, jakuna na tsaye. Dattijon na zaune a tabarma ƙarƙashin wata ƙirya. Ya rame fiye da yadda na san shi, amma ido na nan. Tun kafin in yi sallama ya ce, "A'a! Bamangen nan mai gaggawa! Har yanzu ba ka isa inda za ka ba?" Kakata Bamangiya ce, saboda haka akwai wasa tsakaninmu da Fulani, na ce masa ai na zo karɓar harajin nono ne. Aka kawo fura. Aka shiga gaisuwa: gida, iyali, shanu, damina, gajiya, sannan aka sake komawa kan gida. Ƙafata na rawa a ƙarƙashin riga, idona na kan hadari. Sai da ya ga dama ya ce, "To, me yarinyar nan ta aiko ka da shi?"

Na ajiye sifika a tsakiyar tabarma na kunna. Sarewar ta fara, ta ƙarfe ce irin ta Turawa, amma busarsa ce sak. Ya rufe ido. Matan rugar suka bar ɗaurin kaya suka matso. Goge suka shigo a hankali suna bin sarewar a baya kamar garke, sai kakaki, sai tambura. Ni da na yini ina yi wa kiɗan nan ba'a, a nan na ji tsigar jikina ta tashi. Yatsunsa na motsi a kan gwiwa, suna rufe ramukan da babu su. Sarewar ta yi ta hawa, taron na biye da ita, ta hau, ta hau, har ta tsaya can sama siririya, sai shiru.

Ya jira. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ci gaba mana."

Na ce, "Baffa, ai ya ƙare."

"Bai ƙare ba."

Kafin in yi gardama sai hayaniya ta tashi a bayanmu. Ashe garken na kan hanyar dawowa daga kiwo lokacin da muke kunnawa, kuma iskar hadari ta kai musu sautin. Wata tsohuwar saniya fara da ke jan gaba ta ja ta tsaya, ta juya ta fuskanci daji, na bayanta suka cakuɗe, ɗansa na biyu da ke kora su yana ta ɗaga sanda yana faɗa da Fulatanci. In na ce muku saniyar nan harara ta ta yi, za ku ce na fara, amma akwai shaidu.

Dattijon ya nuna su da haɓa ya ce, "Ka gani? Busar nan biyu ce. Akwai ta fita, akwai ta shiga. Wadda kuka ɗauka ta safe ce, ita ke tashin shanu ta sa musu son tafiya. Ta yamma ke kwantar da su ta kawo su gida. A gidanmu ba a busa ɗaya a bar ɗaya, mahaifina ko da wasa ka yi haka sai ka sha sanda. Yanzu mutum saba'in sun taru, da gogensu da kakakinsu, sun fita da shanu daji, babu wanda ya dawo da su. Duk wanda ya saurari wannan ba zai iya zama wuri ɗaya ba." Abokina ya dube ni, na dube shi. Dattijon ya tura sifikar gabana da yatsa. "Yarinyar ta iya aiki. Amma ban yarda ba."

Na ce, "Baffa, ai da ka faɗa mana tun wancan zuwan."

Ya ce, "Na faɗa. Na ce ku tsaya zuwa yamma ku ji sauran. Wa ya ce rana na yi, ana jiransa a Gumel, har yana jan jakar yarinyar?"

Jama'a, ni ne. Na tuna sarai. Walimar auren wani abokina ake yi ran nan, aka ce min an yanka raguna biyu, na ji tsoron kada in tarar da ƙashi. Saboda cinyar rago na raba kiɗan mutane biyu, na aika 'yar ƙanwata Turai da rabi, ta yi shekara uku tana gini a kansa.

Sabis babu a ƙasa, sai da na hau kan rufin mota, abokina na kukan kwanonsa zai lotsa. Na same ta, na faɗa mata komai, har da ragon, ban rage ba. Ta ce ba yadda za a yi a sake tara makaɗan nan kafin Litinin, ko kafin baɗi ma. Can ta ce, "Kawu, tambaye shi. Tunda mu mun kasa, ko shi zai dawo da su da kansa?"

Na sauko na isar da saƙo. Ya daɗe yana kallon garken da har lokacin ke cirko-cirko. Ya ce rabonsa da busa tun kafin haƙoransa na gaba su zube, 'ya'yan kuma rediyo suka sani. Sannan ya yi wa matarsa magana, ta kwance wani ƙulli cikin kayan da aka riga aka ɗaure, ta zaro sarewar kara da ta yi baƙi don tsufa. Ya ce, "Sharaɗi ɗaya. Bamangen nan ya rufe bakinsa har in gama." Matan suka fashe da dariya. 'Yar ƙanwata ma da na sake hawa mota na gaya mata, abin da ta ce ke nan: in riƙe wayar kusa da shi, kada in yi magana, kada in yi tari, kada in ce madalla.

Na durƙusa gabansa, na danna ɗaukar murya, na miƙa waya. Farkon busar iska ce kawai ta fito, ya gyara leɓe, ya sake. Sai ta kama. Ta ɗauko daga can sama daidai inda ta Turawan ta tsaya, ta fara saukowa a hankali, tana tsayawa tana hutawa kamar mai saukowa daga tsani da tulu a ka. Farar saniyar ta juyo. Sauran suka biyo ta, ba gudu ba turereniya, maruƙa na amsawa daga turke. Ƙuda ya sauka a kan hancina ya yi alwala ya yi salla, ban motsa ba. Hannuna ya mutu, gwiwata ta yi tsami, wani barkwanci mai kyau ya zo min har bakin leɓe, na haɗiye shi. Kusan minti shida. Tun da aka haife ni ban taɓa yin shiru mai tsawon haka ido biyu ba. Kuma a cikin shirun nan na ji abin da ke sukata tun asuba ya kwanta, ƙafata ta daina rawa. Ya sauke sarewar daidai lokacin da ɗigon farko ya faɗo a kan tabarma.

Ya ce, "Yanzu na yarda. A sa nasu a gaba, a sa nawa a baya. Ka ce mata ta zo da kanta in mun dawo da kaka, kuma ta zo da wani kawun."

Mun fito da gudu kafin ruwa ya kama hanya, yashin da ya jiƙe kaɗan ma ya fi daɗin bi. Mun shigo Gumel bayan magariba a jiƙe sharkaf, mai kanti ya tafa mana ya ce barka da gane gida. A ƙofar gida na tsaya na tura wa 'yar ƙanwata busar, ban shiga ba sai da na ga ta isa.

Ranar Litinin ta aiko min da yadda faifan zai fita. Makaɗa saba'in su kai sarewarsu sama su yi shiru, sai sarewar karan Baffa ta karɓa, da kukan maruƙa da iskar hadari da komai, ba ta goge ko ɗaya ba. Abin da tafiyar nan ta koya min kaɗan ne, amma ya ci min tayoyi da gwiwa: in ka je wurin mutum neman abinsa, ya ce ka tsaya zuwa yamma, to ka tsaya, ko raguna nawa aka yanka a gari. In kuma Allah ya sa faifan ya zo hannunku, ku kasa kunne sosai a minti shidan ƙarshe. Busar ta Baffa ce, kukan na maruƙa ne. Shirun da ke bayansu kuwa, wannan nawa ne.